Gammo a Ƙeya, Matashi a Kafaɗa: Kwanciyar Tiyatar Maƙoƙo da Rabon Ƙwaƙwalwa

Kafin wuƙar likita ta taɓa wuyan mai maƙoƙo, akwai wani aiki na 'yan mintuna da ake yi bayan maganin barci ya ɗauke ta. Ana kwantar da ita rigingine, a cusa matashi ko naɗaɗɗen zane a ƙarƙashin kafaɗunta, a ɗora ƙeyarta a kan wani zobe mai laushi da ya yi kama da gammo, kai ya koma baya, haɓa ta dubi sama. Daga nan sai a karkata gadon tiyatar yadda kai zai ɗara ƙafafu tudu. Dangin da ke zaune a waje ba su san da wannan aiki ba, kuma ba kasafai ake ba shi layi ko ɗaya a takardar asibiti ba. Amma a haka marar lafiyar za ta shafe awa biyu, wani lokaci uku, kuma wannan kwanciya tana cikin abubuwan da ke yanke yawan jinin da zai isa ƙwaƙwalwarta a tsawon lokacin.

Batun ya shafi kowane asibiti a duniya, sai dai ya fi nauyi a wuri irin yammacin Zamfara. Mace daga ƙauyen Anka, Gummi ko Bukkuyum takan ɗauki maƙoƙo shekara da shekaru kafin ta ga likitan tiyata, ko dai a Gusau, ko a Sakkwato, ko kuma a wani shirin tiyata kyauta da ya sauka garin na 'yan kwanaki. Jikin da take zuwa da shi ya bambanta da jikin da aka yi yawancin bincike a kansa. A manyan asibitocin Turai akwai na'ura mai tsada da ke auna iskar oksijin ta ƙwaƙwalwa kai tsaye. Zamfara ba ta buƙatar jiran wannan na'ura kafin ta kare ƙwaƙwalwar matanta. Abin da take buƙata ya fi arha, amma ya fi wuyar samu: ƙwararren mai sa barci a tsaye a kan marar lafiya, da 'yan gwaje-gwaje kafin aiki, da shugabannin da za su daina auna nasarar tiyata da yawan kawunan da aka yi wa.

Dalilin da ya sa ake ɗaga haɓa

Maƙoƙo kumburi ne na ƙwayar tayirod, wadda ke zaune a gaban maƙogwaro da siffar malam-buɗe-littafi. Nauyinta a jikin baligi mai lafiya bai wuce giram 20 zuwa 25 ba, amma ruwan da take fitarwa shi ke daidaita saurin aikin jiki duka, daga bugun zuciya zuwa ɗumin jiki. Tana buƙatar sinadarin aidin, kuma idan ya yi ƙaranci a abinci sai ta yi ta girma tana neman cike giɓin. Mata sun fi maza kamuwa nesa ba kusa ba. Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri tun 1993, abin da ya rage matsalar sosai, sai dai doka ba ta narkar da maƙoƙon da ya riga ya kafu.

Cire wannan ƙwaya aiki ne mai tsanani. Jini yana kwarara cikinta da yawa. A bayanta akwai zaren jijiyar da ke motsa akwatin murya, wanda idan aka yanke shi murya ta dushe. Akwai kuma wasu 'yan ƙwayoyi huɗu, kowace kamar ƙwayar shinkafa, masu daidaita sinadarin kalsiyam a jini. A tsakiyar ƙarni na 19 manyan likitocin Turai suna ɗaukar tiyatar maƙoƙo a matsayin ganganci saboda yawan masu mutuwa. Theodor Kocher na birnin Bern a ƙasar Siwizalan ne ya mayar da ita aiki mai aminci ta hanyar tsafta da natsuwa da tsare jini, har ya samu lambar yabo ta Nobel a 1909.

Saboda haka likitan da ya ce a tura kai baya yana da hujja. Ɗaga haɓa yana fito da ƙwayar daga ƙarƙashin ƙashin ƙirji, ya shimfiɗa fata, ya buɗe fili. Karkata gado kuma yana sa jinin da ke jijiyoyin wuya ya gangara zuwa zuciya, zubar jini ta ragu, ido ya ga abin da hannu ke yi. Likitan da bai ga fili ba shi ne mai yanke jijiyar murya. Kwanciyar tana da amfani, kuma tana da farashi, ƙwaƙwalwa ce mai biya.

Hanyoyi huɗu da hawan tudu

Ƙwaƙwalwa ba ta fi kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin da jiki ke amfani da shi. Ba ta da rumbu. Idan jini ya yanke mata gaba ɗaya, mutum yakan suma cikin daƙiƙa goma, kuma bayan 'yan mintuna ƙwayoyinta su fara mutuwa. Jijiyoyi huɗu ne ke kai mata jini, dukkansu ta wuya suke bi. Biyu manya, waɗanda likitoci ke kira karotid, suna gefen maƙogwaro dama da hagu, dab da inda ake aikin. Biyu ƙanana suna ratsawa ta cikin ramukan ƙasusuwan wuya har su shiga ƙoƙon kai ta ƙeya. A gindin ƙwaƙwalwa duka huɗun suna haɗuwa a wani zobe da Thomas Willis ya bayyana a 1664, domin idan hanya ɗaya ta toshe sauran su ɗauki nauyinta. Sai dai a fiye da rabin mutane wannan zobe bai cika ba, kuma babu mai sanin nasa sai an yi hoto na musamman.

Manomin rani a fadamar Gummi ya san sauran bayanin ko da bai taɓa shiga aji ba. Abu uku ke rage ruwan da ke fita a bakin tiyo: a lanƙwasa tiyon, ko a ɗaga bakinsa zuwa tudu, ko inji ya rage ƙarfi. Duka ukun suna haɗuwa a tiyatar maƙoƙo. Tura kai baya yana miƙar da jijiyoyin wuya, yana iya matse na baya a tsakanin ƙasusuwa. Karkata gado yana ɗora ƙwaƙwalwa a saman zuciya. Maganin barci kuma yana sassauta jijiyoyi, ya rage ƙarfin bugun jini, ya kuma dakushe dabarar da jikin mai farke ke yi na matse jijiyoyinsa idan ya miƙe.

Hawan tudun yana da lissafi. Kowane santimita 13 na tazarar tsaye tsakanin zuciya da ƙwaƙwalwa yana rage kimanin maki 10 a ma'aunin jini. Ana ɗaura ma'aunin a dantse, wato daidai da zuciya. Idan ya nuna matsakaicin maki 65, lambar da yawancin masu sa barci za su gani su natsu, kuma kai yana sama da santimita 13, to abin da ke isa gindin ƙwaƙwalwa bai wuce 55 ba. Idan kuwa an naɗe hannaye biyu a jiki aka mayar da ma'aunin ƙafa, kamar yadda ake yi wani lokaci don a ba likita wuri, lambar za ta fi haka ruɗarwa, domin ƙafar tana ƙasa da zuciya.

Ƙwaƙwalwa tana da nata tsarin kariya. Takan buɗe ƙananan jijiyoyinta idan bugun jini ya sauka, ta matse su idan ya hau, ta yadda rabonta ba ya canzawa. Amma wannan kariya tana da iyaka ta ƙasa, kuma iyakar ta bambanta daga mutum zuwa mutum. A jikin wanda ya daɗe da hawan jini iyakar takan matsa sama. Maki 55 da budurwa mai lafiya za ta jure, ga dattijuwar da jikinta ya saba da 110 rabin abin da ta saba ne.

Akwai abu na huɗu da ba a gani, wato numfashi. Mai barcin tiyata wani ke hura masa iska, ko inji ko hannun ma'aikaci a kan jakar roba. Idan aka hura da sauri fiye da kima, iskar kabon dayoksaid ta ragu a jini, jijiyoyin ƙwaƙwalwa kuwa matsewa suke yi idan ta ragu. Ma'aikaci mai kyakkyawar niyya yana iya ganin yana ƙara wa marar lafiya iska alhali yana rage wa ƙwaƙwalwarta jini.

Abin da bincike ya nuna

Gaskiya ta wajabta a faɗi girman haɗarin yadda yake. Binciken da aka yi a kan masu tiyatar maƙoƙo, ciki har da wanda likitoci suka yi a Turkiyya, ƙanana ne, kuma abin da suka fi samu shi ne raguwa 'yar kaɗan a gudun jinin karotid da oksijin na ƙwaƙwalwa, wadda takan fi bayyana idan aiki ya yi nisa. Yawancin marasa lafiya suna farkawa lafiya. Abin da ya fi yawa bayan aikin shi ne ciwon ƙeya, ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Shanyewar ɓarin jiki saboda kwanciya kawai abu ne da ba kasafai ake gani ba.

Darasin da ya girgiza masu sa barci daga wata tiyata ya fito. A 2005 likitoci biyu a Amurka, Pohl da Cullen, suka wallafa labarin mutum huɗu masu matsakaicin shekaru da aka yi wa aikin kafaɗa a zaune, ƙwaƙwalwarsu ko lakarsu ta samu mummunar illa. Daga nan aka ƙara mai da hankali ga tazarar da ke tsakanin dantse da kai. Kafin wannan, a 1993, likitan jijiya Michael Weintraub ya bayyana wasu tsofaffin mata da suka samu alamun shanyewar jiki bayan an tura kawunansu baya a kwamin wanke gashi na shagon gyaran kai. Karkatar da ake yi a tiyatar maƙoƙo ba ta kai ta zaman aikin kafaɗa ba, amma ta haɗa ɗaga kai da lanƙwasa wuya a lokaci guda, kuma mai barcin ba ta iya cewa ta fara ganin jiri.

Jikin da ke zuwa daga Anka

Ƙaramin haɗari yakan girma idan ya tarar da jiki mai rauni. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Jan jini shi ke ɗaukar oksijin, don haka mai ƙarancin jini tana shiga ɗakin tiyata da guzuri kaɗan tun kafin a karkata gado. Hawan jini kuma ya yi yawa a tsakanin manya, da yawansu ba su taɓa aunawa ba. Ga wuyan da ya shekara talatin yana ɗaukar tulu da itace da dami, wanda ƙasusuwansa kan yi saurin tsufa su fitar da 'yan ƙahonni kusa da hanyar jijiyoyin baya. Sannan ga maƙoƙon kansa. Wanda ya daɗe yakan yi girman da zai ture karotid gefe, ya danne hanyar iska, ya sa likita ya nemi a ƙara tura kai baya, aikin kuma ya ƙara tsawo. Rashin tsaro a hanyoyin yankin ya ƙara jinkirta zuwa asibiti, ya kuma sa komawa ganin likita bayan aiki ya zama abin shawara.

Mutanen wannan yanki sun san illar da ke kama ƙwaƙwalwa ba tare da rauni a fata ba. A 2010 gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara akalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma. Ba a gane abin da ke faruwa ba sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura da mace-macen aka auna jinin yaran. Abin da ya ceci dubbai bayan haka shi ne aunawa, da kwashe gurɓatacciyar ƙasa, da magani a kan lokaci, da ma'aikatan da suka zauna suka bi kowane yaro. Dalma tana kuma cikin abubuwan da ke jawo ƙarancin jini da hawan jini, kuma yaran wancan lokaci yanzu sun zama samari da 'yan mata. Likitan da zai sa ɗan wannan yanki barci ya kamata ya san tarihin ƙasar da ya fito.

Na'ura ko mutum

Na'urar auna oksijin na ƙwaƙwalwa ta samo asali ne daga aikin Frans Jöbsis a 1977. Ana manna faifai biyu a goshi, su aika wani haske da ido ba ya gani ta cikin ƙashi, su karanta yawan oksijin da ke gaban ƙwaƙwalwa. Idan lambar ta sauka da kusan kashi 20 cikin 100 daga inda ta fara, mai sa barci ya san lokacin gyara ya yi. Ta bambanta da 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa, wadda ke faɗin ko jini ya ɗauki oksijin daga huhu amma ba ta faɗin ko jinin ya isa kai. Yatsa yana iya nuna 99 alhali ƙwaƙwalwa tana cikin ƙunci.

Duk da haka, sayen ta bai kamata ya zama abin farko a kasafin asibitocin Zamfara ba. Tana da tsada, faifanta na amfani ɗaya ne kuma daga waje ake kawo su, gaban ƙwaƙwalwa kawai take gani, kuma duhun fata yana iya shafar abin da take karantawa. Bayan haka, duk abin da take umartar a yi idan ta yi kuka abu ne da ƙwararre zai iya yi tun kafin ta yi kukan: a sassauta wuya, a rage karkatar gado, a ɗaga bugun jini, a daidaita numfashi. Na'urar da ba ta da mai karanta ta kayan ado ce, kuma asibitocin gwamnati a Arewa sun ga kayan aiki da yawa da suka tsufa a cikin kwali.

Giɓin gaske na mutane ne. Ƙungiyar masu sa barci ta duniya ta sa mizanin akalla likitan sa barci 5 ga kowane mutum 100,000, Nijeriya kuwa ba ta kai ko 1 ba, kuma 'yan kaɗan ɗin sun taru a asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da manyan cibiyoyi irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau. A asibitocin ƙananan hukumomi nas-nas da aka horar ne ke riƙe da aikin, idan an same su. Babban binciken tiyata na Afirka da aka wallafa a 2018, wanda ya bi marasa lafiya fiye da 11,000 a ƙasashe 25 har da Nijeriya, ya gano cewa haɗarin mutuwa bayan tiyata ya ninka na matsakaicin duniya sau biyu, duk da cewa marasa lafiyar sun fi ƙuruciya. Yawancin mace-macen kuma bayan ranar aikin suka faru, a ɗakin jinya, inda babu isassun idanu.

Abin da za a iya yi da abin da ke hannu

Kafin aiki, a sa marar lafiya ta kwanta a farke yadda za a kwantar da ita, ta ɗaga haɓa iyakar abin da za ta jure na 'yan mintuna. Idan ta ji jiri, ko ganinta ya rabu biyu, ko hannu ya yi sanyi, an san iyakarta, kuma kada a wuce ta bayan ta yi barci. A auna jininta da bugunsa, a gyara su ko da zai ɗauki makonni, domin yawancin tiyatar maƙoƙo ba ta gaggawa ba ce. A lokacin aiki, kai ya zauna daram a kan gammonsa kada ya yi lilo, karkatar gado ta tsaya a mafi ƙarancin abin da likita ke buƙata, a riƙa cire makin tudu daga abin da ma'auni ya nuna, a kuma riƙe bugun jini kusa da abin da jikinta ya saba. Na'urar yatsa tana cikin jerin matakan tsaron tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008. Abin da ya kamata ya biyo ta a kasafi shi ne na'urar auna kabon dayoksaid a numfashi, wadda ke amfani ga kowace tiyata da aka sa mutum cikakken barci.

Za a iya cewa irin wannan bayani zai tsorata matan da dama tsoron wuƙa ya hana su zuwa asibiti, kuma maƙoƙon da aka bari yana iya toshe numfashi ko ya ɓoye ciwon daji. Za a iya ƙarawa da cewa gindaya sharuɗɗa ga masu kawo tiyata kyauta zai kore su daga yankin da babu mai rububin zuwa. Duka biyun damuwa ce ta gaskiya. Wadda maƙoƙo ya danne wa numfashi ko haɗiya ta je a cire shi, domin haɗarin barinsa ya fi na kwanciyar tiyata girma. Amma talaka ba ta cancanci aikin da mai kuɗi ba zai yarda a yi wa matarsa ba. Sharuɗɗan da ake magana a kansu ba su kai kuɗin allunan talla da ake kafawa a irin waɗannan shirye-shirye ba. Tawagar da ba za ta iya zuwa da mai sa barci ba, ko ta bar wanda zai kwana a kan marar lafiya daren farko, lokacin da jini kan iya taruwa a wuya ya shaƙe ta, gara ta tsaya ga ƙananan ayyuka ta tura masu babban maƙoƙo Gusau ko Sakkwato, ta biya musu kuɗin mota. Garin neman gira bai kamata a rasa ido ba.

Ma'aikatar lafiya ta jiha tana da ikon rubuta wannan a matsayin sharaɗin ba da izini, tana kuma da ikon ɗaukar nauyin horar da nas-nas 'yan Anka, Gummi da Bukkuyum a fannin sa barci, tare da albashi da masaukin da zai zaunar da su a gida. Masu ilimin da dangi ke kira a waya idan za a yi wa inna ko goggo aiki su ma suna da nasu rabon. Bayan tambayar sunan likita da kuɗin aiki, su tambayi wa zai sa ta barci, wane horo ya samu, nawa jininta yake, an gwada wuyanta a farke, kuma wa zai kwana a kanta. Asibitin da ya san aikinsa zai amsa waɗannan tambayoyi ba tare da ɓacin rai ba.